Abubuwa Takwas da Baffa Ya Ce a Gani a Masar

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya ba mu, Shi ne Ya karɓa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ina rubuta wannan ne saboda baffana, yayan mahaifina, don kada 'ya'yanmu su tashi ba su san shi ba.

Ya rasu ranar Talata da hantsi, ruwa yana kan cikarsa. Fadama duk ta zama kogi ɗaya, daga bayan ganuwar Haɗeja har iyakar gani. Sai da muka kai shi kan tudu kafin muka sami busasshiyar ƙasa. Masu gaisuwa a jirage suka riƙa zuwa, na Auyo da safe, na Guri bayan azahar, suna ɗaure jiragensu a inda yake ɗaure nasa. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin magaryar da ke ƙofar gidansa, inda ya saba zama yana gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi.

Wata tsohuwa daga Auyo ta tsaya a bakin zaure tana kuka, ta ƙi shiga ciki. Ta ce shekara goma yana fitar da ita zuwa kasuwa, bai taɓa barin ta taka taɓo ba, har kan busasshen wuri yake tura jirgi. Wani masunci daga Guri ya ajiye daurin busasshen kifi a gabana, ya koma jirginsa. Aminin baffa kuwa, wani tsoho Babarbare mai sayar da kanwa, fushi yake yi.

"Ya tafi bai yi mini sallama ba," in ji shi. "Haka ya yi mini lokacin tafiya Masar. Halinsa ke nan, Allah Ya jiƙansa."

Da aka ambaci Masar sai zaman ya sake. Wani daga baya ya kwaikwayi muryar baffa, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka ba duwatsun Fir'auna baya." Mutane suka fashe da dariya, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawaninsa. Babu wanda ke zaune a wurin da bai taɓa jin labarin nan ba. Wasu tun suna yara suke jin sa, yanzu suna da furfura.

Ni ban yi dariya ba, kuma ga dalili. Baffa ba shi kaɗai ya tafi ba. Tare da ƙanensa, mahaifina, suka bi ayarin alhazai ina da shekara biyu. Bayan shekara huɗu ya dawo shi kaɗai, ya ce mahaifina ya rasu a birnin Masar a kan hanyar dawowa. Mahaifiyata ta yi aure a Guri, baffa da matarsa, wadda nake kira inna, suka riƙe ni. A duk duniya shi kaɗai ya san inda kabarin mahaifina yake. Sau uku na tambaye shi a rayuwata, sau uku ya ce, "Yana inda Allah Ya ajiye shi." Ranar Talatar nan da muka mayar da ƙasa a kansa, na ɗauka mun binne kaburbura biyu.

Zan fara da sana'arsa, don ita ce gaba da komai a wurinsa.

Baffa mai fito ne, masunci kuma. Bai yi karatu ba sai abin salla. Amma idan ruwa ya rufe fadama, hanya ta ɓace, gona da kwari suka zama ɗaya, babu wanda ya kai shi sanin inda zai bi. Yadda masu jirginmu suke riƙe hanya shi ne da jeri. Mutum ya haddace alamomi ɗaya bayan ɗaya: kuka mai kogo, goruba uku, shurin da tsuntsaye ke sauka, tsamiyar da tsawa ta faɗa wa. Kowace alama da kafaɗar da za ka sa ta, hagu ko dama. Wanda ya sa goruba kafin kuka, cikin ciyawa zai wuni yana kiran mutane. Na taɓa ganin baffa ya sauke babban ɗansa daga jirgi a kan wani tudu, ya bar shi tun hantsi har azahar, don ya musanya alama biyu.

"Faɗa daga farko," ya ce masa daga cikin jirgi.

"Baba, ai duk na san su."

"Sanin su daban, sanin wadda ke bin wata daban. Faɗa daga farko."

Ba ya shan ruwan rijiya sai ya kurkure baki da shi ya yi shiru, sannan ya yanke masa hukunci, wannan mai nauyi ne, wannan ya kwana da kanwa. Kifin farko da ya kama a kowace rana ba ya zuwa gida, duk wanda ya fara gamuwa da shi a gaɓa shi ke da shi. Inna ta yi mita shekaru, ranar da kifin farkon ya zama giwan ruwa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Bai bari ba.

Sai labarin Masar. Bayan la'asar yake yin sa, koma a kan cinya, yara da manya a gewaye. Duk wanda zai tafi hajji daga unguwarmu sai an kawo shi ya saurara. Baffa kan ce, "Ƙasar tana da girma, ta fi Borno da Kano a haɗe, kuma can arewa take, bayan rairayi. Ba za ka gan ta duka ba. Abu takwas za ka gani a birnin, ka gan su a jere, sauran ka bar wa masu ƙasa."

Yakan fara da duwatsun Fir'auna, wasu manyan gine-ginen dutse masu tsini a ƙetaren kogi. Sannan ya ba da labarin wata rijiya a kan tsibiri, mai matakala har ƙasa, da ginshiƙin dutse a tsakiyarta an zana masa kamu-kamu. Da shi suke auna cikar kogin Nilu, mai shela ya bi unguwanni yana faɗin inda ruwa ya kai. Manoman shinkafarmu sun fi son wannan, don mu da kara muke auna namu, yara kuma su tuge shi. Ya ce kogin yana cika ba tare da an yi ruwan sama ko ɗigo ba. Nan amininsa kan tare shi.

"Wannan kam ka ƙara gishiri."

"Kai da ka zo daga inda ake shan ruwan kanwa me ka sani? Ruwan da ya cika fadamar nan a kanka ya sauka? A ƙasar Kano ya sauka, ya biyo mu. Su ma suna da Kanonsu, tana can kudu."

Akwai kuma hasumiya a bakin kogi, inda shanu ke juya wani ƙaton gammon itace mai tuluna a jikinsa, tuluna su nutse su fito cike, su juye a sama. Ni mai jigo ne, alkama da albasa nake nomawa a bakin kogi, guga ɗaya-ɗaya nake ɗagawa har kafaɗa ta mutu. Idan ya zo nan yakan dube ni ya ce, "Ɗana, can shanu ke yin aikinka." Daga hasumiyar ruwan ke bin saman wata doguwar katanga mai bakan gizo, mutane suna wucewa ta ƙarƙashi, kogi yana gudu a kan kawunansu. Yakan faɗi warin unguwar majema, ya toshe hanci, yara su yi ta dariya. Yakan faɗi ɗakin shan ruwa na sadaka, mai tagar ƙarfe da moɗa a ɗaure da sarƙa, yara suna karatu a samansa. Ya ce ka sha ko ba ka jin ƙishi, ka yi wa wanda ya gina addu'a. Yakan faɗi maƙabarta mai tituna da gidaje kamar gari, inda rayayyu ke zaune tare da matattu suna dafa abinci. Abin da ya fi so shi ne ƙubbar wani babban malami, wadda aka ɗora wa ƙaramin jirgi na ƙarfe a ƙololuwa, ana zuba wa tsuntsaye hatsi a ciki.

"Jirgi a kan ƙubba," yakan ce. "Ku gaya wa masu raina sana'armu."

A nan dariya kan tashi, mutane su fara kakkaɓe riguna. Cikin hayaniyar yakan ƙara da cewa a bayan ƙubbar akwai wata magarya, a zauna a gindinta a huta. Daga nan ya mayar da kai kan koma.

Yanzu sai rigimarmu. Laifina ne, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Shekara goma sha biyu ke nan. Wani maƙwabcinmu zai tafi hajji, ya roƙe ni in rubuta masa abubuwan nan a takarda, tunda na ɗan yi karatu ina iya ajami. Na zauna na rubuta. Amma na ga bai dace a fara da duwatsun kafiri a ƙare da malami ba. Sai na shirya su bisa daraja. Na sa ƙubbar malami a farko, maƙabarta ta biyu, ɗakin ruwan sadaka na uku, na gangaro har majema, na sa duwatsun Fir'auna a ƙarshe. Hagu da dama duk na zubar, don ban ga amfaninsu ba. Magarya kuwa na cire ta ɗungum. A madadinta na sa babban masallacin karatu, wanda kowane alhaji ke ambata, baffa kuma bai taɓa sa shi a cikin takwas ɗinsa ba.

Na kawo takardar ina jin na yi aiki. Ya ce in karanta. Tun ban kai rabi ba ya ajiye koma.

"Wa ya ce ka fara da ƙubba?"

"Baffa, malami ne. Shi ya kamata a gabatar."

"Ina magaryar?"

"Magarya ai ba abin kallo ba ce. Ga ta nan a kanmu. Mutum zai ƙetare rairayi don ya ga magarya?"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Wanke ta."

Na ce ba allo ba ne, takarda ce. Ya ce to in ƙona ta. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, a gaban mutane na ce, "Shekara talatin kana ba mu labarin shanu da majema. Ƙasar da ta cinye ubana ka mayar da ita abin dariya. Abu ɗaya na tambaye ka, ka hana ni. Yanzu don na gyara maka jeri kake faɗa?"

Aminin baffa ya ce, "Kai malam ƙarami, tashi ka ba mu wuri." Na tashi. Ban ƙona takardar ba, na ba maƙwabcin, na ajiye wata a gafakata. Maƙwabcin ya dawo bayan shekaru ya ce ya ga masallaci, ya ga duwatsu daga nesa, sauran bai san ta inda zai fara neman su ba.

Daga ranar ban ƙara zama wurin labarin ba. Ina gaishe shi safe da yamma, ina kai masa alkama idan na girbe, amma da na ji ya ce "Masar" sai in tuna da wani aiki. Kwana tara bayan rigimar iska ta karya gwafar jigona. Da na je da safe sai na tarar da shi a can, ya saro sabuwa ya kafa, yana ɗaure ta da igiyar jirginsa. Gumi ya jiƙe masa riga. Na durƙusa na ce, "Sannu baffa." Ya ce, "Riƙe nan." Na riƙe, ya ɗaure, ya gwada guga sau biyu, ya tafi. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban ba shi haƙuri da baki ba. Wannan yana cikin abin da ke damuna.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, na ɗauko takardar nan. Niyyata in rubuta labarin yadda baffa yake faɗa, ko ba komai ya zama na biya shi. Sai na tarar jerin ya kuɓuce mini. Nawa ne ya zauna a kaina, nasa ya gudu. Na tambayi mazan da ke zaune. Ɗaya ya ce majema kafin hasumiya, wani ya ce bayanta. Babban ɗan baffa ya ce ɗakin ruwa yana cikin maƙabarta. Aminin baffa ya rantse cewa rijiya ce ta farko, liman ya ce duwatsu ne. Mutanen da suka ji abu sau ɗari, kowa ya riƙe wurin da ya ba shi dariya ya saki sauran.

Muna cikin musu aka aiko wai inna tana kira na. Na same ta a ɗaki a kan tabarmar takaba, carbi a hannu.

"Har nan nake jin ku," ta ce. "Ku maza kunnuwanku na ado ne. Zauna, ka buɗe takardarka."

"Inna, kin riƙe shi?"

"Shekara arba'in ina tankaɗe a bayan danga yana faɗa. Rubuta, kuma kada ka gyara mini."

Ta lumshe ido ta faɗa, ni kuma na rubuta. Ka sauka a tsohuwar mashigar jirage, ka ga duwatsun Fir'auna a ƙetaren kogi, ka ba su baya. Rijiyar awo tana kan tsibirin da ke kusa, ka gan ta ka dawo gaɓa. Ka bi gaɓa, kogi a kafaɗar hagu, har hasumiyar shanu. Daga nan ka juya gabas, ka bi katanga mai ruwa a sama, kada ka rabu da ita. Wari zai gaya maka ka iso majema. Gaba kaɗan ɗakin ruwan sadaka, ka sha, ka karya dama. Ka shiga garin matattu, ka ɗaga kai ka nemi jirgi a sama, ka nufe shi har gindin ƙubba.

Na ƙirga, takwas sun cika, tunda hasumiya da katangarta abu biyu yake lissafa su. Na ajiye alƙalami.

"Wa ya ce ka ajiye? Ka zagaya bayan ƙubbar, jirgin a kafaɗar dama. Akwai magarya. A zauna."

"Inna, ita ba ta cikin takwas ɗin."

"Ba ta ciki. Takwas ɗin hanyarta ce." Ta buɗe ido ta dube ni. "Kai da ka girma a gidan mai fito, ba ka gane jeri ba? Ubanka yana gindinta."

Ta ci gaba a hankali. Ta ce ranar da baffa ya dawo shi kaɗai, kakata, mahaifiyarsu, ta sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai taɓa gaya mini inda kabarin yake ba. Ta ce masa hanyar nan ta ci mata ɗa, ba za ta ci mata jika ba, kuma shi ya ja ƙanensa tun farko. Kaka ta rasu, baffa ya ce rantsuwar tana nan, don ba da ita kaɗai ya yi ba.

"Ya riƙe rantsuwa, bai faɗa maka ba," in ji inna. "Amma ya kasa barin hanyar ta mutu. Sai ya riƙa faɗa wa duk gari, kai kana zaune. Ya ce yaron nan mai hankali ne, wata rana zai gane. Duk alhajin da ya saurara kuma, yana sa ran ko ɗaya zai kai gindin bishiyar ya zauna, ya yi salati, ƙanensa ya samu. In ya zo wurin magarya muryarsa takan sauka. Ku kuna can kuna dariyar jirgi."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ya hana ni. Ni ban rantse ba, miji na bi. Yanzu ba mai hana ni."

Na ce mata abin da na faɗa masa ranar rigima, cewa magarya ba abin kallo ba ce, ga ta a ƙofar gida.

"Na ji ka ranar," ta ce. "Ita ce ai. 'Ya'yanta ya tsinto a kan kabarin, ya ƙulle a bakin riga har Haɗeja. Bakwai ya shuka, ɗaya ta fito. A tulu yake ɗauko mata ruwa daga kogi, kana bin sa a baya kana riƙe da rigarsa."

Ban san hukuncin abin da baffa ya yi da rantsuwarsa ba, karatuna bai kai nan ba. Na bar shi ga Allah, ina roƙon Ya dube shi da rahama, Ya yalwata kabarinsa, Ya haɗa shi da ƙanensa da mahaifiyarsu a gidan da babu rabuwa. Wanda baffa ya ɓata wa ya yafe masa. Ni ne na ɓata masa, kuma ban sami faɗa masa ba.

Tsohuwar takardar na ƙona ta a murhun inna, shekara goma sha biyu bayan ya ce in ƙona. Sabuwar na haddace ta, na sa 'ya'yana sun haddace, da hagunta da damarta. Wanda ya musanya biyu yakan koma farko. Idan ruwa ya janye, na girbe alkama, akwai ayarin da zai tashi ta Borno, na riga na yi magana da madugu. Aminin baffa ya ce na tsufa da wannan tafiya, kuma wa ya sani ko bishiyar tana nan. Na ce masa in ba ta nan, wurinta yana nan, kuma na san hanya.

Da na fito daga ɗakin inna ranar nan, masu gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmi sai ɗaya. 'Ya'yan magarya sun zubo a kanta. Na tsince su, na ƙulle bakwai a bakin rigata. Sannan na zauna.